Maki Talatin da Ke Hannunmu: Nazari a Kan Kula da Karatun Babbar Sakandare

Gabatarwa

Muna godiya ga Allah wanda ya kawo mu ƙarshen wannan shekara ta karatu lafiya. A cikin wannan littafi za a ga hotunan 'yan ajin ƙarshe waɗanda suke barinmu, da sunayen waɗanda suka ci kyauta. Mu kuwa an ba mu wannan fili domin mu yi nazari tare a kan abin da ba ya fitowa a hoto, wato yadda makaranta take kula da darussan babbar sakandare, da yadda take cika sharuɗɗan hukumomin jarrabawa.

Iyaye da yawa a ƙasar Gwarzo da Kabo sun ɗauka jarrabawar fita aiki ne na 'yan makonni a farkon damina: a sayar da hatsi ko akuya a biya kuɗin rajista, yaro ya shiga zaure ya rubuta, sai a jira sakamako. Ɗalibai ma da dama haka suka ɗauka. Abin da muke so mu nuna shi ne, takardar shaidar da yaro zai karɓa an fara rubuta ta tun yana SS 1, kuma kashi 30 cikin 100 na makin kowane darasi daga hannun makaranta yake fitowa. Wannan amana ce, ya kamata kowa ya san yadda ake riƙe ta.

1. Inda tsarin ya samo asali

An kafa Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wato WAEC, a 1952. Ƙasashe biyar ne a cikinta: Nijeriya, Gana, Saliyo, Gambiya da Laberiya. A zamanin iyayenmu, ɗalibi yakan yi shekara biyar a sakandare, sa'an nan jarrabawa ɗaya tak ta yanke masa hukunci. Idan zazzaɓi ya kama shi a wannan mako, wahalar shekara biyar ta tafi ke nan.

A 1977 Gwamnatin Tarayya ta fitar da Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda ta kawo tsarin 6-3-3-4: shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, huɗu a jami'a. An fara aiki da tsarin a 1982, aka kuma yi jarrabawar kammala babbar sakandare ta farko a 1988. Wannan manufa ce ta ce kada a bar makomar yaro ga jarrabawa ɗaya, a riƙa auna shi a kai a kai tun daga shigarsa har fitarsa. Wannan awo shi muke kira gwajin yau da kullum, ɗalibai kuma suna ce masa C.A.

Daga baya an ƙara wasu hukumomi. A 1992 aka kafa NABTEB domin jarrabawar sana'a da kasuwanci. A 1999 aka kafa NECO mai hedkwata a Minna, ta yi jarrabawarta ta farko a 2000. Akwai kuma NBAIS wadda makarantun Larabci da addinin Musulunci suke bi. A yau yawancin ɗalibanmu WAEC da NECO suke rubutawa, dukansu biyu kuwa suna neman makin gwajin yau da kullum daga makaranta.

2. Su wa ke sa ido?

Malami ba ya koyar da abin da ya ga dama. Akwai masu sa ido hawa hawa.

Na farko, hukumar NERDC ta tarayya ita ce take tsara manhaja, wato jerin abin da za a koyar a kowane darasi da kowane aji. Hukumomin jarrabawa kuma suna fitar da nasu jadawalin abin da za su yi tambaya a kai.

Na biyu, Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Kano. Makarantun gwamnati na Gwarzo, Kabo, Getso da Garo suna ƙarƙashin Hukumar Kula da Manyan Makarantun Sakandare ta jiha. Makarantu irin tamu kuma suna ƙarƙashin hukumar da take kula da makarantu masu zaman kansu da na sa kai. Sashen KERD na ma'aikatar yana shirya wa 'yan SS 2 jarrabawar share fage, wadda da ita gwamnati take zaɓen ɗaliban makarantunta da za ta biya wa kuɗin jarrabawar fita. Sufetoci kuma sukan zo, wani lokaci ba sanarwa, su duba littattafanmu, su zauna a bayan aji su ji yadda muke koyarwa.

Na uku, hukumomin jarrabawa da kansu. Kafin su amince makaranta ta zama cibiyar jarrabawa, sai sun zo sun ga zauren rubutu, ɗakunan gwaje-gwajen kimiyya, ɗakin karatu da takardun malamai. Yadda suka ba da amincewa, haka kuma suna da ikon janye ta. Malamai ma akwai hukumar TRCN, wadda aka kafa a 1993, mai yi musu rajista.

Na huɗu, cikin gida: kwamitin da ikilisiya ta naɗa, shugaban makaranta, mataimakinsa mai kula da karatu, shugabannin sassa, malaman aji da jami'in jarrabawa. Sufeto yakan zo ya tafi, amma waɗannan kullum suna nan. Saboda haka mafi nauyin sa ido a kansu yake.

3. Zaɓen darussa

Kula da karatu yana farawa ne ranar da ɗalibi ya zaɓi darussansa a SS 1. Ɗalibi yana rubuta darussa takwas ko tara a jarrabawar fita. Turanci da Lissafi dole ne ga kowa. Manhajar 2011 ta ƙara darasin zama ɗan ƙasa na gari da darasin sana'a ɗaya a kan na dole, ta kuma kasa sauran gida huɗu: kimiyya, fasahar ƙere-ƙere, adabi da zamantakewa, da kasuwanci. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta sake duba manhajar, ta rage yawan darussa da yawan sana'o'in da za a zaɓa. Don haka kada ƙane ya dogara da jerin darussan da wansa ya yi. Ya tambayi mataimakin shugaba abin da ake ciki a shekararsa.

Jami'o'i suna neman kiredit biyar a darussan da suka dace, da Turanci a ciki, a zama ɗaya ko biyu. Masu son kimiyya, fasaha da ilimin zamantakewa dole su haɗa da Lissafi. Yarinyar da take son aikin jinya tana bukatar Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Wanda yake son karatun lauya yana bukatar Adabin Turanci. Mun sha ganin ɗalibi ya guje wa Fiziks a SS 1 domin abokinsa ya ce yana da wuya, sai a SS 3 ya zo yana roƙo a sa masa. A lokacin ba shi da makin shekara biyu a wannan darasi, ba mu kuwa da inda za mu samo masa shi da gaskiya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

4. Littattafan da suke ba da shaida

Ɗalibai sukan ga malamai suna ta rubuce-rubuce a ofis, su yi zaton aikin banza ne. Ga abin da ake rubutawa, da amfanin kowanne:

(a) Tsarin aikin zango. A farkon kowane zango shugaban sashe da malamansa suna raba manhaja mako mako.

(b) Shirin darasi. Malami yana rubuta abin da zai koyar, da yadda zai gane ko an fahimta. Shugaban sashe yana sa hannu kafin a shiga aji.

(c) Dayari. A ƙarshen mako malami yana rubuta abin da ya koyar a zahiri. Idan aka ɗora dayari a kan tsarin aiki, nan take za a ga inda aka tsaya a baya.

(d) Rajistar aji, wadda take nuna wanda ya zo da wanda bai zo ba.

(e) Littafin maki, inda ake shigar da sakamakon kowane gwaji, aikin gida, aikin ɗakin gwaje-gwaje da aikin gona ko na hannu.

(f) Babbar takardar maki ta aji duka, katin rahoto da yake zuwa gida, da fayil ɗin kowane ɗalibi wanda yake bin sa shekara uku.

Kowane littafi yana tabbatar da ɗan'uwansa. Idan littafin maki ya ce an yi gwaji ranar Laraba ɗalibi ya sami takwas cikin goma, rajista kuwa ta ce ba ya makaranta a wannan mako, to, ɗaya daga cikinsu ya yi ƙarya. Abin da sufeto mai hankali yake nema ke nan.

Mu lura kuma, awon da manufar ilimi take so ya haɗa abu uku: abin da ɗalibi ya sani, halinsa, da abin da hannunsa ya iya. Shi ya sa katin rahoto yake da gurbin tsabta, zuwa kan lokaci, gaskiya da zama da mutane.

5. Yadda lissafin yake

Makaranta tana tattara makin SS 1, SS 2 da SS 3 na kowane ɗalibi, ta aika wa hukumar jarrabawa ta intanet kafin ranar da aka tsayar. Wannan shi ne kashi 30. Jarrabawar zaure, haɗe da ta ɗakin gwaje-gwaje ga masu kimiyya, ita ce kashi 70. A teburin da aka saba amfani da shi, A1 tana farawa daga 75, B2 daga 70, B3 daga 65, C4 daga 60, C5 daga 55, C6 daga 50. D7 da E8 wucewa ce ba kiredit, F9 kuma faɗuwa ce.

Bari mu ɗauki misali da ɗalibai biyu a darasin Lissafi. Na ɗaya bai taɓa rasa gwaji ba, ya tara 24 cikin 30. A zaure ya sami 28 cikin 70. Jimla 52, wato C6. Na biyu ya fi shi kaifin kai, amma yana wasa da aikin gida, yana kuma fashin gwaji, ya tara 12 cikin 30. A zaure ya sami 35 cikin 70. Jimla 47, wato D7. Na biyu ya fi na ɗaya da maki bakwai a zaure, duk da haka na ɗaya ne ya fita da kiredit. Na biyu sai ya sake neman kuɗin rajista, ya sake jiran shekara.

Akwai wani abu da ya kamata malamai su sani. Hukumomin jarrabawa ba sa karɓar makin makaranta ido rufe. Suna kwatanta shi da abin da ɗaliban makarantar suka samu a zaure, su daidaita shi. Makarantar da ta ba kowa 28 cikin 30, sa'an nan yawancin yaranta suka kasa a zaure, ta tona asirin kanta.

6. Inda jaraba take

A nan ne nazarinmu ya shafi lamiri. Jaraba uku muka fi gani.

Ta farko ita ce cike gurbi. Wata shekara wani malaminmu ya bar aiki a tsakiyar zango, littafin makinsa kuma ya bi shi. Lokacin aika maki ya matso, ga aji guda ba su da komai a darasi ɗaya. A ofishin malamai wasu suka ce a ba kowa ashirin a huta, ai ba laifin yaran ba ne. Gaskiya ne ba laifinsu ba ne, amma ashirin ɗin nan da ta cuci wadda ta cancanci ashirin da bakwai, ta kuma ruɗi wanda ya cancanci tara. Abin da muka yi shi ne, muka tattara littattafan aikin yaran da takardun gwajin da aka mayar musu, muka kwashe makin da yake ciki. Inda ba a samu ba, muka sake yin gwaji da yamma. Mun sha wahala, amma tun daga ranar muka kafa doka: duk gwajin da aka yi, a shigar da makinsa wuri biyu, ɗaya wurin malami, ɗaya a ofishin mataimakin shugaba.

Ta biyu ita ce ƙarin maki don tausayi ko don neman suna. Uba yakan zo ya ce, "Malam, a taimaki yaron nan, shi ne na fari da ya kai wannan aji a gidanmu." Wani lokaci dattijon ikilisiya ne, wani lokaci ɗan'uwan malamin ne. Zuciya takan karaya. Amma mu duba abin da ƙarin yake haifarwa. Yaron da aka rubuta wa 25 alhali 10 ya samu zai ɗauka ya iya, ba zai nemi taimako ba, iyayensa ma ba za su san akwai matsala ba sai sakamako ya fito. Maki na gaskiya a SS 1 gargaɗi ne da ya zo da wuri, lokacin da akwai sauran shekara biyu na gyara.

Ta uku ita ce mai da maki sanda ko haja: a rage wa ɗalibi domin ya ɓata wa malami rai, ko a ƙara masa domin ya kawo kyauta, ko ya yi wa malami aiki a gona. Mafi muni shi ne malamin da zai tsorata yarinya da maki domin wata mugunyar bukata. Duk ɗalibar da ta gamu da wannan ta faɗa wa shugaban makaranta ko uwar ɗakin kwana ba tare da tsoro ba.

Dukanmu mun san mai awon hatsi a kasuwa wanda yake buga gindin kwanonsa ya lotsa. Ba ya daɗewa kafin mutane su gane shi, su koma wurin wani. Littafin Karin Magana, sura 11 aya 1, ya nuna mana yadda Allah yake duban irin wannan awo. Littafin maki kwanon awo ne. Makarantarmu tana da 'ya'yan Kirista da na Musulmi, maƙwabtanmu kuma suna kallo. Idan aka san makinmu gaskiya ne, wannan shaida ce da ta fi doguwar magana.

Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Bayan babbar fitar tambayoyin jarrabawa ta 1977, an yi ta tsananta hukunci. Dokar soja mai lamba 20 ta 1984 ta sa ɗaurin shekara 21 ga mai maguɗin jarrabawa. Doka mai lamba 33 ta 1999 ta maye gurbinta, ta kuma fi tsananta wa shugaban makaranta, malami da mai tsaron jarrabawa fiye da ɗalibi. Ban da wannan, hukuma tana iya riƙe sakamakon cibiya duka, ko ta soke shi, ko ta janye amincewarta. In haka ta faru, mai laifi da marar laifi tare suke kuka, ƙannensu kuma sai an kai su wata makaranta su rubuta.

7. Matsalar da ta shafi ƙasarmu

Mu manoma ne, kalandar makaranta kuwa ba ta bin ta gona. Zango na ɗaya yana haɗuwa da kaka, lokacin girbin gero, masara, gyaɗa da dawa. Zango na uku yana haɗuwa da shuka da noman fari. Jarrabawar WAEC takan faɗo a Mayu da Yuni, ta NECO kuma a Yuni da Yuli, daidai lokacin da kowane gida yake neman hannu. Ba mu raina aikin gona ba, da shi ake biyan kuɗin makarantar. Amma yaron da aka riƙe a gida mako biyu ya rasa gwaji, gurbin kuwa yana nan a littafi.

Maganin wannan shi ne magana tun da wuri. Makaranta za ta riƙa sanar da makonnin gwaji a farkon zango, a kuma karanta su a majami'a. Idan dole ta sa yaro ya yi fashi, saboda ciwo ko rasuwa ko wani uzuri, iyaye su sanar, a shirya masa gwajin ramuwa. Haka kuma wanda zai sauya makaranta ya taho da fayil ɗinsa. Ɗalibin da ya zo SS 2 hannu wofi ya bar makin shekara guda a baya.

8. Aikin kowa

Ɗalibai: ku ɗauki kowane gwaji da muhimmanci. Ku adana takardun da aka mayar muku har ku gama makaranta. Ku duba katin rahoto, in kun ga kuskure ku yi magana cikin ladabi a makon. Ku tabbata sunanku da ranar haihuwarku iri ɗaya ne a duk takardunku, gama gyara bayan rajista yana da wuya. Ku kuma saba da kwamfuta, domin tun 2024 WAEC ta fara yin jarrabawa da ita.

Malamai: mu gama manhaja a kan lokaci. Mu duba aiki mu mayar da shi da wuri, da gyara a jiki, domin makin da ba bayani ba ya koya wa yaro komai. Mu rubuta maki ranar da muka ba da shi. Masu kimiyya su shiga ɗakin gwaje-gwaje da yara tun SS 1, kada ranar jarrabawa ta zama ranar farko da ɗalibi ya taɓa kayan aiki.

Iyaye da ikilisiya: ku karɓi katin rahoto da hannunku. Wanda bai iya karatu ba ya kai wa fasto ko malamin makarantar Lahadi ya karanta masa. Ku zo taron iyaye da malamai. Ku roƙe mu ƙarin darasi, za mu yi. Kada ku roƙe mu ƙarin maki.

Kammalawa

'Yan'uwa, maki 70 suna hannun hukuma, ɗalibi zai neme su shi kaɗai a zaure. Maki 30 kuwa muna tara su tare, mako mako, har shekara uku. Yesu ya koyar a Luka 16:10 cewa yadda mutum ya riƙe ƙaramin abu haka zai riƙe babba. Gwajin maki goma na ranar Laraba ƙaramin abu ne, amma daga irinsa ake gina takardar shaida, daga irinsa kuma ake gina hali. Ga 'yan ajin ƙarshe muna cewa, abin da muka aika a kanku shi ne abin da kuka yi, ba ƙari ba ragi. Allah ya ba ku nasara. Ga masu shiga SS 1 kuma, littafinku yana nan fari, ku fara cika shi da kyau. Ubangiji ya taimake mu duka mu zama amintattu. Amin.

Tambayoyi domin nazari

1. Me ya sa Manufar Ilimi ta 1977 ta ƙi barin makomar ɗalibi ga jarrabawa ɗaya?
2. Ɗalibi yana da 15 cikin 30. Maki nawa yake bukata cikin 70 domin ya kai C6?
3. Idan abokinka ya ce akwai wanda zai gyara masa maki a ofis, me za ka ce masa?
4. Ta yaya gidanku zai raba aikin gona a wannan damina ba tare da an rasa gwaji ba?